Yadda Ake Tsara Aikin Mako da Shafin Ajanda a Waya

Duk shekara sai an turo mana ɗan bautar ƙasa, kuma duk wanda ya zo, kafin ya cika wata guda sai ya tambaye ni: "Yallaɓai, wai yaya kake yi ba ka mantuwa?" Ina mantuwa kamar kowa. Abin da na daina shi ne ajiye aiki a kaina. Ni ke kula da harkokin ofis a wani ƙaramin kamfanin kwangilar kawo kaya da buga takardu a Garki, gidana kuwa Kubwa, kuma duk abin da zan yi daga Litinin zuwa Juma'a yana shafi guda a wayata.

Shafin nan shi ne ajanda. Jeri ne daga sama zuwa ƙasa, rana na bin rana, kowace da abin da ke ƙarƙashinta: taro, aiki, wa'adi. Ranar da babu komai ba ta ma fitowa. A Google Calendar, da Agenda ake kiransa, daga baya aka mayar da sunan Schedule, shi ya sa har yau idan ka danna harafin A a kwamfuta shi yake buɗowa. Da wannan manhaja zan yi bayani, don ita ce kusan kowa yake da ita kuma kyauta ce.

Kayan da za ka tanada

- Waya mai asusun Gmail, da manhajar Google Calendar. Ka ƙara da Google Tasks, ƙanwarta ce, a cikinta ayyukan suke zama.
- Kwamfuta idan akwai. Ba dole ba ce, amma matsar da aiki daga rana zuwa rana ya fi sauƙi a kanta.
- Takarda fara guda da biro.
- Duk inda ayyukanka suke warwatse: saƙonnin WhatsApp na Oga, imel, bayan ambulan, littafin taro.
- Kamar awa guda da babu mai kiranka. Ni Lahadi bayan La'asar nake zama. Wanda ba ya son aikin ofis ya shigar masa gida, ya yi Juma'a kafin tashi. Safiyar Litinin dai kada ka gwada, kafin ka zauna an riga an tsara maka makon.

1. Saita kalandar, sau ɗaya tak

Buɗe Google Calendar, ka taɓa layukan nan uku na sama ta hagu, ka gangara zuwa saituna. Ka mayar da farkon mako Litinin. Ka duba agogon yanki ya kasance na Afirka ta Yamma, wanda za ka ga an rubuta Legas a jikinsa. Ka kunna kalandar hutun Najeriya. Akwai kuma wurin ƙara kalanda ta biyu, inda za ka iya zaɓar ta Hijira, sai dai ka sani lissafi ce, takan saɓa da ganin wata da kwana ɗaya. Hutun 1 ga Mayu da 12 ga Yuni da 1 ga Oktoba sananne ne, amma na Sallah sai Sarkin Musulmi ya sanar da ganin wata, Ma'aikatar Cikin Gida ta fitar da ranakun hutu. Saboda haka makon Sallah kada ka jingina wani muhimmin aiki da abin da kalanda ta nuna.

Sai ka koma layukan nan uku, ka tabbatar akwai alamar ✓ a gaban Tasks. Idan babu, duk aikin da ka rubuta ba zai fito a ajanda ba. A nan sabon shiga yakan yi fushi ya ce manhajar ba ta aiki.

Abu na ƙarshe, wasu wayoyin Android suna kashe manhaja a ɓoye don tattalin batir, sai tunatarwa ta ƙi ƙara. Shiga saitunan batir ka cire Calendar daga cikin waɗanda ake taƙaitawa.

2. Zazzage kanka a takarda

Kada ka fara da waya. Ɗauki takardar nan ka rubuta duk abin da ke wuyanka, babba da ƙarami, ba tsari, ba zaɓe. Bi WhatsApp na kwana bakwai da suka wuce, har da saƙon murya, don a cikinsa Oga yakan ce "af, ka tuna min da maganar mutanen nan na Wuse". Bi imel. Bi littafin taro.

Kowane layi ya fara da abin da hannunka ko bakinka zai yi. "Haraji" ba aiki ba ne. "Kira akanta a karɓo lissafin watan jiya" shi ne aiki. "Janareta" ba aiki ba ne, "kira makanike ya zo ya canja baƙin mai" shi ne. Duk layin da ka karanta ba ka san ta ina za ka fara ba, zai yi wata uku yana bin ka daga mako zuwa mako.

3. Raba su gida huɗu

Gaban kowane layi ka sa harafi.

A, alƙawari: abin da ke da rana da sa'a, kuma da wani mutum a ciki. Taron ma'aikata, ganin likita, ɗauko baƙo a filin jirgin Nnamdi Azikiwe.

W, wa'adi: ranar da ƙofa take rufewa, ko ka shirya ko ba ka shirya ba.

K, aikin kai: kai za ka zaɓa masa rana.

J, jira: ƙwallon tana hannun wani. Fayil ɗin da ke teburin darakta, kuɗin da aka ce za a turo, samfurin da mai buga takardu zai kawo.

Wanda bai shiga ko ɗaya ba, wato irin "wata rana zan koyi Excel sosai", ka buɗe masa jeri na daban a Tasks mai suna Wata Rana, kada ka sa masa kwanan wata. Aikin da ba shi da rana ba ya fitowa a kalanda, kuma haka ake so.

4. Fara kafa abin da ba ya motsi

Taɓa alamar + da ke ƙasa ta dama, ka zaɓi Event, wato alƙawari mai lokaci, ka shigar da duk masu harafin A da lokacinsu.

Sai abin da mutane ba sa rubutawa alhali shi ne yake cin ranar: hanya. A Abuja taron awa ɗaya ba awa ɗaya ba ne. Idan zan je Sakatariyar Tarayya daga Garki, minti talatin nake sa wa a gaba, talatin a baya, don neman wurin ajiye mota kaɗai aiki ne. Mai fitowa daga Mararaba ko Nyanya ya fi ni sanin abin da hanyar Keffi take yi wa safiya, na Lugbe ma ya san tasa. Kada ka karɓi taron ƙarfe 8 na safiyar Litinin idan kana da ikon cewa a mayar 10. Daga Afrilu zuwa Oktoba kuma, hadarin yamma yana iya haɗa gari cikin minti goma, don haka fita waje da safe nake sa ta.

Ka toshe lokacin Azahar da abinci kullum, ka sa ya riƙa maimaita kansa daga Litinin zuwa Juma'a. Ranar Juma'a ka toshe daga 12:30 zuwa 2:30 gaba ɗaya, musamman idan hanyarka ta bi ta wajen Masallacin Ƙasa. A gaskiya ni rabin rana nake ɗaukar Juma'a. Wanda ka je nema bayan an sauko, sau da yawa sai dai a ce maka "ka dawo Litinin".

Masu aiki da ƙungiyoyin waje su lura da agogo. Najeriya ba ta canja lokaci, Ingila tana canjawa. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Landan da na Abuja ɗaya ne. Sauran watannin, muna gabansu da awa ɗaya. Idan an turo maka gayyata ta kalanda, manhajar za ta daidaita da kanta. Idan da baki aka faɗa, tambaya: agogon wa?

5. Sa wa ayyuka rana

A nan ne gizo yake saƙar, kuma a nan na taɓa shan kashi.

Wata shekara wata hukumar gwamnati ta fitar da tallan kwangila, za a rufe karɓar takardu ranar Alhamis da ƙarfe 12 na rana. Na rubuta "miƙa takardun kwangila", na sa masa Alhamis, na ji na gama tsari. Litinin, Talata, Laraba, ajanda ba ta nuna min komai a kansa ba, don ban ce ta nuna ba. Safiyar Alhamis ya fito. Na buɗe durowa na fara jera takardu: ta rajistar kamfani, ta shaidar biyan haraji, ta hukumar fansho PenCom, ta asusun horar da ma'aikata ITF. Ta asusun inshorar ma'aikata NSITF kuwa ta bara ce, sabuwar tana imel ɗin akanta, akanta yana Gwagwalada wayarsa ba ta shiga. Kafin mu same shi an ɗauke wuta, mai ɗaure takardu na ƙasan bene ya ce sai ya sayo mai. Na isa hukumar 12:20, gumi ya jiƙa min kwalar riga, ambulan biyu a hammata. Mai gadi ya nuna min akwatin da haɓa, an riga an manne bakinsa da tef. Ya ce, "Oga, sai haƙuri." Ba a fafe gora ranar tafiya, na sani tun ina yaro, amma ranar na gane da ni ake.

Tun daga nan dokata guda ce: ranar da zan sa wa aiki ita ce ranar da zan zauna in yi shi, ba ranar da za a rufe ƙofa ba. Wa'adin kansa ina rubuta shi daban, da manyan haruffa, ya zauna a saman ranarsa: "WA'ADI: takardun kwangila, 12:00". Sannan in yi lissafi da baya. Idan Alhamis ce rufewa, Laraba da safe miƙawa. Talata bugawa da ɗaurewa da sa hannun Oga. Litinin tattara takardu da duba ranar ƙarewar kowace. Wa'adi ɗaya ya haifi ayyuka uku, kowanne da ranarsa, kuma akwai kwana guda na ko-ta-kwana.

Yadda ake shigarwa: taɓa +, zaɓi Task, rubuta aikin, zaɓi rana. Mafi yawa kada ka sa musu sa'a, bar su a matsayin na yini, za su jeru a saman ranar. Sa'a sai ga wanda lallai yake bukatarta, kamar kiran wanda ka san bayan 11 ba a samunsa. Idan ka sa wa komai sa'a, wayar za ta yi ta ƙara har kunnenka ya saba, ranar da ta yi ƙarar gaske ma ba za ka duba ba.

Abubuwan da suke dawowa duk wata, ka shigar da su sau ɗaya ka sa su maimaita kansu. Harajin albashin ma'aikata, zuwa 10 ga watan da ke biye ake biya. Na VAT, zuwa 21 ga wata. Kuɗin fansho, cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi. Ni nakan sa aikin farko 5 ga wata, na biyu 15, don shafin biya na intanet ba ranar ƙarshe ake gwada shi ba. Takardun PenCom da ITF da NSITF kuma 31 ga Disamba suke ƙarewa, saboda haka akwai aikin da yake fito min duk makon farko na Janairu: fara neman sababbi.

Masu harafin J su ma rana ake sa musu, amma ranar bibiya. Rubuta haka: "Bi fayil ɗin biyanmu, an miƙa 3 ga wata, lambar rasit kaza." Ka sa bayanin a cikin aikin, don idan ka tsaya gaban magatakarda ya ce "yaushe kuka kawo?", amsar tana hannunka. Idan kana kwamfuta, a Gmail, in ka kunna keyboard shortcuts a saituna, za ka iya buɗe saƙo ka danna Shift da T, ya zama aiki nan take, da hanyar komawa saƙon a jikinsa.

6. Buɗe ajanda ka karanta makon, sannan ka rage

Yanzu taɓa layuka uku, zaɓi Schedule, ka gangara a hankali daga Litinin zuwa Juma'a kamar kana karanta wa wani. Kusan kullum abu ɗaya za ka gani: Litinin ta yi ƙiba, Alhamis ta rame. Dalili, ranar Lahadi kowa jarumi ne.

Yi lissafi na gaskiya. Daga 8 zuwa 5 awa tara ne. Cire salla da abinci, cire taro, cire hanya, cire baƙon da zai shigo gaisuwa ba za ka iya korarsa ba, cire kiran Oga na "zo ka ga wani abu". Abin da yake saura a wurina bai fi awa huɗu ba. Shi ya sa ba na wuce manyan ayyuka biyu a rana, da ƙanana uku ko huɗu. Ranar da akwai fita waje, babba ɗaya ne, taura biyu ba ta taunuwa.

Ka haɗa masu kama da juna. Duk abin da ke Wuse, banki da kasuwa da gyaran firinta a Banex, rana ɗaya. Duk kiraye-kiraye, zama ɗaya. Aikin da ke bukatar natsuwa, kamar haɗa farashi ko rubuta rahoto, safiyar Talata ko Laraba.

Ga yadda Talatata ta wani mako take bayan ragewa:

Talata
Buga takardun kwangila, a ɗaure, Oga ya sa hannu
Kira akanta kan lissafin VAT
Bi fayil ɗin biyanmu
10:00 Taron ma'aikata
1:15 Azahar da abinci
3:00 Mai kawo takarda zai zo da samfuri

Layi shida. Idan na ga rana ta wuce takwas, na san ƙarya nake yi wa kaina.

A shafin ajanda ba a jan aiki da yatsa, sai ka buɗe shi ka canja ranar. A kwamfuta kuwa danna W ka shiga shafin mako, ka ja aikin ka ajiye inda kake so, ka danna A ka dawo. Rabon aikin ke nan: shafin mako yana nuna inda fili yake, ajanda tana nuna nauyin da ka ɗora. Kuma ka bar yammacin Alhamis fayau, kada ka sa komai. Ba hutu ba ne, zuwa Laraba za ka ga abin da zai cike shi.

7. Tafiyar da kowace rana

Da safe, kafin WhatsApp, ajanda. Idan a motar haya kake, daga Kubwa zuwa Berger ya ishe ka karanta ta sau uku. Ka zaɓi wanda za ka fara da shi tun kafin ka isa.

Ka gama aiki, ka taɓa shi ka sa alamar an kammala, layi zai ratsa shi. Sabon aiki ya faɗo da rana tsaka, kada ka ce za ka tuna, rubuta shi nan take. Idan Oga ya kawo na gaggawa alhali ranar ta cika, ni juya masa wayar nake yi: "Ranka ya daɗe, ga abin da ke hannuna yau, wanne za a ɗage?" Sau da yawa da kansa yake cewa nasa ya jira gobe. Kada ka ji tsoron wasu za su ga jerinka, ko ka raba kalandarka da abokan aiki, abin da ke Tasks kai kaɗai kake ganinsa. Wannan kuma yana nufin idan kana son a san ba ka da sarari a wani lokaci, sai ka toshe shi da Event.

Minti biyar kafin tashi, dubi abin da ya rage. Manhajar tana tattara ayyukan da ranarsu ta wuce ta nuna maka su a dunƙule a ranar da kake ciki, kuma wannan dunƙulen shi ne yake kashe tsarin mutane. Yau uku, jibi tara, mako biyu ya zama arba'in, sai mutum ya daina buɗewa don kunya. Kada ka kwana da ko ɗaya. Kowanne ka yanke masa hukunci: ko sabuwar rana ta gaskiya, ko a miƙa wa wani, ko ya koma Wata Rana, ko a goge. Kuma kada ka tura su duka gobe, gobe tana da nata.

Aikin da ka ɗage sau uku, tsaya ka dube shi. Ko dai ya yi girma yana bukatar a fasa shi, ko akwai wanda kake gudun kira.

8. Rufe mako

Juma'a kafin tafiya masallaci, ko Lahadi, ka koma baya a ajanda ka ga abin da aka yi. Idan wurin aikinku ana rubuta rahoton mako, ga shi nan a shirye, kwafa kawai za ka yi. Sai ka leƙa mako biyu gaba, ba ɗaya ba, don wa'adin da ke Talatar makon jibi a makon gobe ake yi masa aiki. Duba jerin jira, duba Wata Rana ko akwai wanda lokacinsa ya yi, sai ka koma mataki na biyu. Zaman farko yakan ci awa guda. Bayan wata ɗaya minti ashirin ya isa.

Idan wani abu ya rasa

Ba data: manhajar waya tana nuna abin da ta riga ta ɗauko, abin da ka ƙara kuma za ta tura idan intanet ya dawo. Duk da haka nakan ɗauki hoton allon ajandar ranar Lahadi in ajiye.

Ofishinku Outlook ake amfani da shi: Microsoft To Do tana da shafin Planned, shi ne ajandarta. Akwai kuma My Day, wanda yake share kansa kowane dare don ka sake zaɓe da safe. A Todoist sunan shafin Upcoming.

Masu rubuta manhajojin kwamfuta da ke aiki da manhajar rubutu mai suna Emacs suna da wani tsarin ajanda a cikinta, Org-mode, wanda wani masanin taurari, Carsten Dominik, ya fara a 2003. Abin da ya burge ni da shi, tun asali ya raba ranar fara aiki da ranar wa'adi, kowace da kalmarta, kuma yana fara nuna wa'adi a ajanda tun saura kwana 14. Sai dai koyonsa aiki ne mai zaman kansa, ba zan tura sabon shiga can ba.

Ba waya mai manhaja, ko batir ba ya kai yamma: sayi littafin rubutu, ka buɗe shafi biyu masu kallon juna. Raba su gida shida, biyar na ranaku, na shida na jira. Wa'adi da jan biro, alƙawari da shuɗi, aikin kai da fensir don ya gogu. Hajiyar da ke riƙe mana sito haka take yi, littafinta na cikin jaka tare da makullai, kuma idan muka yi gardama kan ranar da aka kawo kaya, nata ake buɗewa.